Ajuji: sunan da aka raɗa don mutuwa ta kau da kai

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare, wanda ya roƙi kada a ambaci sunansa na yanka ko makarantarsu. Damuwarsa ita ce sunan kakansa, wanda shi ne na ƙarshe a jerin sunayensa: Ajuji. Ya ce duk safiya idan malamin aji ya zo kansa wajen kiran rajista sai 'yan aji su fara ƙunshe dariya, wasu ma har sun laƙaba masa "ɗan bola". Bai taɓa haɗuwa da wani mai irin sunan ba. Yanzu yana so ya cire shi kafin a yi musu rajistar jarrabawar fita, shi ne yake tambaya: mene ne ma'anar sunan, kuma me ya sa iyaye za su kira ɗansu da shi?

Ƙanena, abokanka ba su yi kuskure a fassara ba. Sunan kalmomi biyu ne aka haɗe: "a" da "juji". Wato a kan juji, inda ake zubar da shara da toka da kashin dabbobi a bayan gida. Labarin da ke bayansa ne ba su sani ba.

A ƙasar Hausa ta da, akwai matar da za ta haihu, yaro ya yi wata uku ko shekara guda ya koma. Ta sake haihuwa, ya sake komawa. Wata sau uku, wata sau biyar. Irin wannan ana ce mata mai wabi, abin da ta haifa kuma ɗan wabi. Mutanen wancan lokaci da yawa sun ɗauka yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, ko kuma wasu iskoki ne suka sa wa gidan ido, da sun ga abin da ake so sai su ɗauke. To idan abin da ake so ake ɗaukewa, dabara ita ce a nuna ba a so. Sai a ɗauki jaririn a kai shi kan juji a ajiye kamar an yar, can wata tsohuwa ko maƙwabciya ta je ta ɗauko shi kamar tsintuwa ta yi. Daga ranar sunansa Ajuji.

Ku tsaya ku yi tunanin uwar da ke cikin ɗaki a wannan ɗan lokaci. Ta binne uku ko huɗu. Wannan da ta fi so a duniya, shi ne za ta daure ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, har ta yarda a kira shi da sunan shara muddin zai rayu. Ni dai ban san wani suna a Hausa da ya ɗauki tsoro da ƙauna a wuri ɗaya kamar wannan ba.

Ajuji yana da 'yan'uwa. Akwai Ayashe, wato a yashe ta, da Ajefas, wato a jefar. Waɗannan duka sunayen ɓad da sawu ne. Akwai kuma wani rukuni da ya bi hanyar roƙo: Barau da Barmani, ma'ana a bar mana wannan, a bar mani wannan. Abin lura shi ne sunayen roƙon sun fi daɗewa a bakin mutane. Kowa ya san marigayiya Barmani Choge mai kiɗan amada, kuma garin Suleja a jihar Neja ya samo sunansa ne daga Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe ana samun Barau a makarantu. Sunayen yarwa kuwa su suka fara ɓacewa, domin wanda bai san dalili ba zagi kawai yake ji.

Kada ku ɗauka Hausawa kaɗai suka yi wannan. Yarabawa suna kiran irin wannan yaro abiku, suna sa masa suna kamar Malomo, wato kada ka sake tafiya, ko Kokumo, wato ba zai ƙara mutuwa ba. Inyamurai suna cewa ogbanje. Waɗanda suka karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, za su tuna Ekwefi da ta haifi goma, tara suka rasu, Ezinma kaɗai ta tsaya. A Sanagal ma akwai marubuciyar da ta zaɓi Ken Bugul a matsayin sunan alƙalaminta, wanda a harshen Wolof yake nufin ba wanda yake so. Harsuna daban, ciwo ɗaya.

To me ya sa yau da wuya ka ji an raɗa wa jariri Ajuji?

Na farko, shi ba irin sunan da ake zaɓa don daɗinsa ba ne, kamar yadda amarya take ajiye Hanan ko Amir a ranta tun kafin ta samu ciki. Sunan yanayi ne, ɗan gidan su Tanko da aka haifa bayan mata, da Kande da aka haifa bayan maza, da Gambo mai bin tagwaye, da Cindo mai yatsu shida. Sai abin ya faru ake sa shi. Tun asali ke nan bai taɓa zama gama-gari ba. Kuma yawanci laƙabi ne da kakanni suke sawa a kan sunan yanka na ranar bakwai. Mai yiwuwa kakan mai wasiƙarmu Muhammadu ne ko Abdullahi a wurin liman, amma laƙabin ya danne sunan, kamar yadda yake faruwa a gidajen da ake alkunya.

Na biyu, ilimin addini ya yaɗu. Malamai sun yi ta jan hankali cewa rai da ajali a hannun Allah suke, ba a yi musu wayo da juji. Sun kuma kafa hujja da yadda Annabi (SAW) ya canja wa wasu sahabbai sunayen da ma'anarsu ba ta yi kyau ba, kamar 'yar Sayyidina Umar da ya mayar da sunanta Jamila. Wannan ya sa iyaye suka koma sunayen annabawa da sahabbai, laƙabin ma ya zama su Abba da Ummi da Walid.

Na uku shi ne wanda nake so ɗaliban kimiyya su riƙe, don yana cikin darasinku na bayoloji. Yawancin abin da ake kira wabi yana da suna a asibiti. Akwai zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da gudawa, da ciwon sandarewar jiki da jariri yake kamuwa da shi idan an yanke cibiya da aska marar tsabta. Akwai rashin jituwar jinin uwa da na ɗa. Sai kuma babba, sikila, wadda wasu suke kira amosanin jini. Idan uba AS ne uwa ma AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ku lura da "kowane ciki". Lissafin ba ya tuna abin da ya faru a cikin baya, shi ya sa gida ɗaya zai iya haifar SS uku a jere. A zamanin da babu gwaji babu magani, irin waɗannan yara ba su cika wuce ƙuruciya ba, sai a ce ai wanda ya tafi ne ya dawo. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, abin da ya sa a 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin wannan nau'in jini.

Ba ina cewa an daina rasa yara ba. Arewa har yanzu tana gaba wajen mutuwar ƙananan yara a ƙasar nan, kuma kusan kowannenku ya san gidan da aka yi irin wannan rashi. Amma yau idan uwa ta rasa biyu a jere, abin da za a fara ce mata shi ne ta je asibiti a duba jininta da na maigidanta, a kuma kula da allurar rigakafi. Ba mai aika ta bayan gida da jariri. Ta wannan fuskar, ƙarancin Ajuji a rajistar 'yan aji ɗaya labari ne mai daɗi, ko da yake ina jin ciwon yadda ma'anarsa take ɓacewa tare da shi.

Mu dawo kan tambayarka, ƙanena. Shawarata kada ka cire. Dalili na farko na takarda ne. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma ana so sunan da ke kan NIN ya yi daidai da na sakamakon WAEC ko NECO da na takardar haihuwa. Idan ka yar da suna ɗaya a nan ka bar shi a can, kai da zaryar rantsuwar kotu da gyaran takardu ke nan a daidai lokacin da abokanka suke karɓar gurbin karatu. In ma dole sai an canja, ba aikin da yaro zai yi shi kaɗai a gaban mai cike fom ba ne, sai da sanin mahaifi, kuma a gyara ko'ina lokaci ɗaya.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Idan kakanka ya samu sunan ta hanyar da aka saba, to akwai yayyensa da suka riga shi zuwa ba su zauna ba. Shi ya zauna, ya girma, ya haifi mahaifinka. Ka samu mahaifinka ko wata goggonka ka tambaye su: su nawa ne kafin shi, wa ya ɗauko shi daga jujin, mene ne sunansa na yanka? Ka rubuta abin da suka faɗa maka a bayan littafinka, don tsofaffin da suka san amsar ba su da yawa yanzu. Ranar da wani ya sake ce maka ɗan bola, ba sai ka yi faɗa ba. Ka tambaye shi ko ya san abin da ya sa ake kiran kakarsa Delu ko Tabawa.

Sauran masu karatu, duk wanda yake da suna a gidansu da bai taɓa jin irinsa a wani wuri ba, ya aiko mana tare da abin da manya suka ce game da shi. Wata ɗaliba ta riga ta tambayi ma'anar Anaruwa, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.