Ordinatar ɗalibi da makullin wifi

Da zarar sakamakon bak ya fito, gidaje da dama a Birni, da Zango, da Sabon Gari sukan shiga shawarar sayen ordinatar. Tun da aka kafa jami'ar Damagaram a shekara ta 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, wannan na'ura ta zamo wa ɗalibi kamar alƙalami: da ita yake karɓar darussa, da ita yake rubuta memwar. Galibin waɗanda ake saye kuwa na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai kana suka biyo ta Kwatano ko ta Kano. Mai saye yakan duba batir, ya duba allo, ya latsa maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Da wuya ya tambayi lafiyar katin da ke kama wifi. In daga baya katin ya ƙi aiki, sai a nemo ɗan kile mai araha a soka a kafar USB, ba tare da an karanta abin da ke jikin kwalinsa ba.

To, abin da ke jikin kwalin nan shi ne sunan makulli. Saƙon wifi a iska yake tafiya, yana ratsa katangar ƙasa ya faɗa lungu, duk wanda ke kusa yana iya tsintarsa. Shi ya sa ake sirranta shi. Makulli na farko, mai suna WEP, ya fito a 1997. A 2001 wasu masana uku, Fluhrer, Mantin da Shamir, suka nuna lagonsa: lambar da yake canzawa a kan kowane saƙo gajera ce ƙwarai, kuma wanda ya tara saƙonni da yawa yana iya haƙo mabuɗin daga cikinsu. A 2007 masu bincike na Darmstadt, a ƙasar Jamus, suka fasa shi cikin ƙasa da minti guda. An maye gurbinsa da WPA a 2003, da WPA2 a 2004, sannan da WPA3 a 2018.

Amma WEP bai mutu sarai ba, yana nan kwance cikin saitin tsofaffin akwatunan wifi. Ga yadda yake farfaɗowa. Ɗalibai biyar sun kama haya tare, sun haɗa kuɗin forfe; na'urar ɗaya daga cikinsu ta ƙi shiga rezo, sai mai gyara, don ya huta, ya sauke akwatin zuwa tsohon makulli. Kowa ya yi murna, an samu rezo. Sarki Tanimu bai kewaye Birni da ganuwa ba don a rushe gefe guda saboda raƙumin da ya kasa wucewa ta ƙofa. To, abin da mai gyaran ya yi ke nan. Gaskiya ce yawancin shafuka a yau suna da nasu sirrin, don haka ɓarawo ba ya karanta wasiƙun kowa cikin sauƙi. Amma forfen wata yakan ƙare a sati biyu, a koma ana zargin juna a ɗaki, kuma fayilolin da aka bari a buɗe tsakanin na'urorin gidan suna hannun baƙo.

Gyara ba shi da tsada. Tun 2006, duk kayan da suka samu shaidar wifi ta gaskiya tilas su iya WPA2. Kile da bai ambace shi ba, ko na banza ne ya yi tsada. Wanda ke kama zango biyu, 2,4 da 5 GHz, ya fi amfani inda ɗalibai suka yi cunkoso. A gwada shi a shago, a kan ita kanta ordinatar, kafin a miƙa kuɗi, domin sau da yawa direban da ke tafiyar da shi ne ba ya jituwa da Windows ɗin da ke ciki.

A ɓangaren akwatin kuma, a kashe WPS, wanda aka gano a 2011 cewa gwaji dubu 11 ya isa a buɗe lambarsa. Kalmar sirri kada ta zamo lambar salular mai gida: rabin unguwa sun haddace ta.