MU AUNA MASANANMU DA TIYAR GASKIYA

Manomi da damensa ake sanin ƙoƙarinsa, maƙeri da kaifin gatarinsa. To shi masanin kimiya, wanda yake wuni a ɗakin gwaji, da me za a auna aikinsa? Wannan tambaya ta shafi gwamnati da talaka baki ɗaya, domin da dukiyar ƙasa ake biyan bincike. Bari mu ɗauki misali daga wani dutse da ake kira zeyolit.

A shekarar 1756 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse, sai ya ga yana fitar da tururi kamar ruwa a tukunya. Ya sa masa suna zeyolit, wato dutse mai tafasa a harshen Girka. Cikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi, waɗanda faɗin kowace bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na milimeta ba. Kamar rariya yake: abin da ya yi daidai da ƙofa ya wuce, wanda ya fi ta girma ya tsaya. Kuma aikinsa irin na dillali ne a kasuwa: yana haɗa sinadarai, ya gaggauta cinikinsu, shi kuwa ya fito yadda ya shiga.

Kusan shekara 200 dutsen yana ajiye ba a san amfaninsa sosai ba. Sai Richard Barrer a Birtaniya, da Robert Milton a Amurka, suka gano hanyar ƙera shi da hannu a ƙarshen shekarun 1940. A 1962 kamfanin Mobil ya fara amfani da shi wajen fasa ɗanyen mai mai nauyi, sai man mota da ake samu daga kowace ganga ya ƙaru ƙwarai. Yau ana zuba zeyolit cikin garin sabulu, kuma shi ne yake tace iska cikin ƙaramin injin da ke ba majinyaci iskar numfashi a asibiti. Mu da muke da matatar mai kusa da Damagaram tun 2011, wannan ilimi ba baƙonmu ba ne.

Cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni akwai Avelino Corma, mutumin Ispaniya, wanda aka haifa a 1951. A 1990 ya kafa wata cibiyar bincike a birnin Balansiya tare da abokan aikinsa. Ya buga rubuce-rubuce fiye da 1000 a mujallun kimiya, yana da takardun mallakar ƙirƙira fiye da 100, kuma yana cikin masanan sinadarai da aka fi ambata a duniya. A 2014 aka ba shi lambar girma ta Yariman Asturiyas, shi da Mark Davis da Galen Stucky.

Mene ne ambato? Idan masani ya yi rubutu, wajibi ne ya faɗi sunayen waɗanda ya ɗora aikinsa bisa nasu, kamar yadda almajiri yake faɗin malamin da ya ɗauki karatu a gabansa. A 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da kundin da ke ƙidaya wannan ambato. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo wani awo da ake kira lambar h: wanda yake da rubutu 20, kowane an ambace shi aƙalla sau 20, lambarsa 20 ke nan.

Ba mu raina wannan ƙidaya ba. Tana hana son kai, tana tona asirin wanda ya riƙe kujera shekara da shekaru bai rubuta komi ba. Amma fa tiya daban, hatsi daban. Abin da ya ɗaukaka Corma shi ne cewa wasu daga cikin sinadaran da ya ƙera sun fita daga takarda sun shiga masana'antu. Plank da Rosinski, waɗanda suka shigar da zeyolit cikin tace mai, ma'aikatan kamfani ne, kuma da takardun ƙirƙira duniya ta san su. Mai tuƙa mota bai taɓa ambatarsu ba, ga shi kullum yana cin moriyar aikinsu.

Ƙidaya kuma tana da ha'incinta. Akwai mai yawan ambaton kansa, akwai abokai masu yi wa juna biki, ka ambace ni in ambace ka. A 2023 jaridun Ispaniya sun fallasa yadda wasu jami'o'in waje suke biyan masanan da aka fi ambata domin su jingina sunansu gare su. Tun 2012 ma wasu masana da suka taru a San Faransisko suka yi kira da a daina auna mutum da sunan mujallar da ta buga aikinsa, a karanta aikin kansa.

Nan ne maganar ta zo gida. Hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, tana duba rubuce-rubucen malaman jami'o'inmu kafin ƙarin girma, kuma hakan daidai ne. Sai dai wanda yake binciken tsutsar gero ko gishirin ruwan rijiya ba zai sami masu ambato kamar mai binciken man fetur ba, domin masu karatunsa kaɗan ne, ko da yake masu jiran amsarsa miliyoyi ne. Idan ƙidaya kaɗai ta zama alƙali, ƴaƴanmu za su bar matsalolin gida su bi abin da ake yayi a Turai. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya ba da ƙarfinsa ga hasken rana domin shi ne arzikin da Allah ya hore wa ƙasarmu.

Saboda haka muna kira ga magabata da su riƙa yi wa kowane bincike tambaya biyu. Ta farko: shin masana ƴan'uwansa sun duba shi sun amince? Ta biyu: shin ya kai gona, ko asibiti, ko ma'aikata? Wanda ya amsa ɗaya ya yi ƙoƙari, a taimake shi da kayan aiki ya kai ga ɗayar. Wanda ya amsa duka biyu, shi ya cancanci ƙasa ta riƙe shi hannu bibbiyu.