Shanunmu suna da yawa, amma nauyinsu fa?

Wanda yake zaune a Unguwa Uku ko Na'ibawa ba sai an ba shi labari ba. Daga yammacin Juma'a, in an tashi daga karar Wudil, haka za ka ga tireloli suna hawa titin Zariya ɗaya bayan ɗaya, ƙahonni sun leƙo ta sama, yara masu rakiya suna zaune a kan katako. Ranar Alhamis na Maigatari ne, Lahadi kuma na Dambatta. Yawancinsu Legas suka nufa, ko Ibadan, ko Fatakwal. Mun saba ganinsu har mun daina lissafin dukiyar da ke wucewa ta ƙofar gidanmu.

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024, aka kuma naɗa Idi Mukhtar Maiha minista, maganar shanu ta dawo bakin manya. Ma'aikatar ta ce darajar harkar dabbobi a ƙasar nan ta kai dala biliyan 32, kuma tana son kai ta biliyan 74 nan da 2035. Manoma da yawa sun tambaye ni a wajen taron ƙungiya: to malam, mu ina namu a ciki? Abin da nake son mu duba ke nan.

Mu fara da yawan shanun. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama da ta ƙasa a 1990 ta samu kusan miliyan 14. Bayan nan shekara da shekaru ana ƙiyasi ne a kan wannan adadi, har Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa ambaton wajen miliyan 20. Sai ga shi a 2024 an ji gwamnati tana cewa miliyan 58. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma tana da illa, don wanda bai san yawan garkensa ba ba zai san yawan allurar rigakafin da zai saya ba. Ga kuma shanun Nijar da Chadi da Kamaru da ke shigowa ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, a yanka su a matsayin namu. Lokacin da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, mahauta sun ji a jikinsu kafin a buɗe a Maris 2024.

Ko wane adadi ka ɗauka, harkar babba ce, kuma an taɓa gwada girmanta a fili. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu. Kwanaki kaɗan aka yi, nama ya yi tsada a Legas, mayanka suka yi shiru. Amma kada mu manta da ɗaya ɓangaren: a nan Arewa ma kaya sun yi kwantai, 'yan tumatir suka yi asara. Mai saye yana buƙatarmu, mu ma muna buƙatarsa.

Sa guda kuwa mutum nawa yake ciyarwa kafin ya ƙare? Makiyayi, dillali, mai lodi, direba, mahauci, mai tsire da mai balangu a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, mai kilishi, mai ganda, har da mai tara ƙashi da ƙaho. Kafin a kai ga yanka ma ya ja garma ya yi huɗa, ya ja amalanke, ya ba da taki. Yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin mutane da yawa, wanda yake da shanun huɗa biyu a gida ya san abin da yake da shi.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Muna alfahari da yawan kai, alhali kuɗin yana cikin nauyi. Naman da ake samu a jikin sa guda a nan bai kai rabin wanda ake samu a Amurka ba. Saniyarmu lita ɗaya ko biyu take bayarwa a rana, shi ya sa gwamnati da kanta take cewa muna kashe kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a shekara wajen shigo da madara. Wasu suna ɗora laifin a kan iri, wai Bunaji da Rahaji da Bokolo ba sa yin jiki. Ni ban yarda ba. Yunwa ce. Sa ya yi ƙiba da damina, ya zubar da ita tsakanin Fabrairu da Mayu yana yawon neman abin da zai ci, damina ta dawo ya sake farawa. Dabbar da ya kamata ta isa kasuwa da wuri sai ta shekara biyar ko shida tana hawa da sauka. Burtali ya toshe, dazukan kiwo sun zama gonaki ko maɓoyar ɓarayin shanu, wasu jihohin kuma, irin su Binuwai a 2017, sun hana kiwon sake. Gwaje-gwajen cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, sun daɗe da nuna cewa bijimin Bunaji da aka turke aka ba shi abinci mai kyau yana ƙara rabin kilo zuwa kusan kilo guda a rana. Irin nan dai da muke rainawa.

A nan ne ƙaramin manomi yake da ƙofa, don abincin da san nan ya rasa yana gonarka. Harawar wake da ta gyaɗa, karan dawa da na masara, kowa, dusa, ƙaiƙayi. Har yau ina ganin mutane suna cinna wa kara wuta don share gona, ko su bar harawa a kan rufi rana da raɓa su cinye amfaninta. Wallahi abin yana ci mini rai. In ka sayi rammamen sa mai ƙashi mai kyau bayan kaka, ka ba shi maganin tsutsa da na hanta, ka yi masa rigakafin ciwon huhu, ka turke shi kwana 90 zuwa 120 a kan yankakken kara da harawa da dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, ga kanwa ga ruwa wadatacce, nauyin da ya ƙaru naka ne, takin ma naka ne. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin haka da ragon layya. Ba sabon ilimi ba ne.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Kiwon turka yana karya mutum in bai yi lissafi ba. Wanda zai sayi kowane mudu na dusa a kasuwa da tsakiyar rani, musamman mu na cikin gari kamar Tarauni da ba mu da fili, da wuya ya fita. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau kan komai. Kuma babbar matsalar tana ranar sayarwa: da ido ake ciniki. Na taɓa raka wani dattijo cikin ƙungiyar da nake zagayawa ya kai bijiminsa kara. Wata huɗu yana ɗawainiya da shi. Dillali ya zagaya san sau ɗaya, ya daki gadon bayansa, ya ja mai saye gefe suka yi ƙus-ƙus, aka dawo aka ce a sallama. Baba ya sallama don ya riga ya biya kuɗin mota, kuma ba zai iya komawa da shi gida ba. Bai san kilo nawa ya sayar ba, ni ma da nake tsaye ban sani ba. Tun ranar nake yawo da tef ɗin awon ƙirji a aljihu. Ba ya kai sikeli daidaito, amma yana ba ka abin da za ka tsaya a kai.

Abin da ya sa nake ganin lokaci yana ƙurewa shi ne manyan 'yan kasuwa sun hango abin da muke gani. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin JBS na Brazil, ƙasar da ta fi kowace fitar da naman shanu a duniya, kan zuba dala biliyan biyu da rabi don gina masana'antu shida, biyu daga ciki na naman shanu. Sa hannu daban, gini daban, mun ga yadda shirin Ruga ya ƙare a 2019. Amma in abin ya tabbata, irin wannan kamfani ba ya sayen sa ɗaya a hannun mutum ɗaya. Yana son shanu masu yawa, masu nauyi kusan ɗaya, masu shaidar rigakafi, a ranar da ya sa. Wanda zai iya kawo haka shi zai ci kasuwar, ko mai babbar gona ko ƙungiyar da ta haɗa kanta. Kuma in aka koma yanka a nan ana kai nama Kudu cikin motar sanyi, maimakon a kwashe kwanaki da dabba a tirela tana ramewa, fata da ƙashi da kayan ciki za su tsaya a Kano, inda majemun Challawa da Sharaɗa suke.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyoyi ba ta wuce abin da za ku iya yi da kuɗin adashinku ba. Ku sayi dusa da harawa tare lokacin kaka da suke araha, ku samu rumbu mai inuwa ku adana. Ku haɗa kuɗi ku sayi injin yanka kara guda ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa. Ku turke shanunku a mako ɗaya don su isa a mako ɗaya, a kira malamin dabbobi sau ɗaya ya duba duka, a kuma yi ciniki da baki ɗaya, ko da mahautan abbatuwa ne kai tsaye. Sakatare ya buɗe littafi: ranar saye, kuɗin saye, awon ƙirji duk mako biyu, abin da aka kashe a abinci da magani. A Kano an kafa shirin bunƙasa noma da kiwo na jiha da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, kuma irin waɗannan shirye-shirye da ƙungiya mai rajista suke mu'amala, ba da mutum ɗaya ba. Wanda ke son ya kama kasuwar babbar sallah, ya ƙirga wata huɗu baya daga ranar, ya tabbata abincin yana rumbu kafin ya je kara.