Kwamfutar Alli Ba Ta Cin Jarrabawa

Tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir. Duk yaron da ke neman gurbi, ko ɗan Ikoyi ne ko ɗan Sabon Ibadan, tilas ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi kafin lokacinsa ya cika. Wannan magana kuwa ta shafi kowane mai goro a Shagamu, da mai albasa a Mile 12, da mai shanu a Agege, muddin yana da ɗa a firamaren gwamnati.

A takarda dai ba a bar kowa a baya ba. Tun 1988 Nijeriya ke da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, kuma an sa darasin cikin manhajar firamare. Amma a makarantu da yawa na unguwannin talakawa, abin da ake kira darasin kwamfuta shi ne malami ya zana akwati a allo da alli, ya ce wannan ita ce, yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassanta kamar karatun aku. Yaro zai ci maki tamanin a wannan darasi alhali kuwa yatsansa bai taɓa danna harafi ɗaya ba. Ran da ya shiga ɗakin JAMB, kafin ya gane inda zai danna, ɗan makarantar kuɗi ya yi nisa.

Wasu na cewa maganin abin shi ne gwamnati ta sayo na'urori ta rarraba. An gwada. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci, aka yi ta ɗaukar hotuna, amma shirin bai yaɗu zuwa sauran makarantun ƙasa ba. Dalili a fili yake. Na'ura tana son wuta, tana son mai gyara, tana son ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, kuma fiye da kome tana son malamin da ya iya ta. In babu waɗannan, sai hedimasta ya kulle ta a ofis don tsoron kada ta lalace a tuhume shi, ƙura ta gama da ita.

Saboda haka kamata ya yi a fara daga malami. Malami ɗaya da aka horar sosai, da farantin sola, da tsofaffin kwamfutoci biyar masu aiki, sun isa kowane ɗan aji biyar da shida ya sami rabin sa'a a mako yana rubuta sunansa da hannunsa. Wannan bai fi ƙarfin jama'ar zango ba. Mutanen da suka gina masallatai da makarantun Islamiyya da kuɗin karo-karo ba za su kasa sayen batir ba. Ai 'yan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da ciniki ya koma waya, wanda bai iya duba saƙon banki ba ya dogara ga yaron maƙwabci.

Ba a ce a ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin farko, sai dai jiha ba ta samun rabonta sai ta ajiye nata kason. Masu iya tambayar inda aka kwana su ne iyayen da ke zuwa taron makaranta, kuma a nan ne kujerun Hausawa suka fi zama wayam, wai kasuwa ba ta bari. Ya dace Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu su naɗa mutum biyu-biyu da za su riƙa halartar taron kwamitin kowace firamare da 'ya'yan zango ke ciki, su kawo rahoto bayan sallar Juma'a.