Miji Da Uwar Miji Su Ma Ma'aikatan Ɗakin Haihuwa Ne

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa kwana a harabar babban asibiti a ƙasar nan ya san mai jinya. Za ka gan ta da tabarmarta da butarta da ƙullin zannuwa, ta samu gefen baranda ta raɓe. Ita ake aika sayen allura da safar hannu, ita ke dama kunu, ita ke wanke abin da ya ɓaci, kuma ita ce idonta biyu da tsakar dare sa'ad da ma'aikaciya guda take fama da mata goma. Mijin kuwa yana can bakin ƙofa, ba a tunawa da shi sai an bukaci jini ko kuɗi. Duk da wannan ɗawainiya, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ko da abu guda game da aikin da suke yi. Kalmar da suka fi ji daga bakin ma'aikata ita ce, "Ku fita waje."

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da Ma'aikatar Lafiya za ta ɗauki mai ciki da mijinta da tsofaffin gidansu a matsayin abokan aiki, ta koya musu rabonsu na aikin kamar yadda take koya wa sabon ma'aikaci, ta kuma saurare su idan sun yi magana. Babu inda wannan magana ta fi zama tilas kamar ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Bari mu fara da girman asarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan irin wannan mutuwa a duniya. A nan Jihar Zamfara, wani bincike da aka yi a Nahuce ta ƙasar Bunguɗu, aka buga shi a 2012, ya nuna mata 1,049 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Wannan ciwo kuwa ba na yau ba ne. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, suka tarar mafi yawan waɗanda suka rasu su ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a gigice bayan al'amari ya riga ya ɓaci. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yanzu labarin bai sake zani ba.

JINKIRI UKU

A 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin ukun nan suna faruwa ne tun likita bai sa mace a ido ba. Wanda yake wurin a wannan lokaci shi ne miji, ko uwarsa, ko kishiya, ko unguwarzomar unguwa. Abin da suka sani, ko suka jahilta, shi ne zai yanke hukunci.

To, a arewacin Zamfara jinkiri na biyu ya ƙara tsawo. Kowa ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi suka shiga saboda 'yan bindiga, har ya zama mutum ba ya kama hanya da duhu sai dole ta kai dole. Ɗakunan shan magani da yawa na ƙauyuka ma'aikatansu sun gudu. A watan Satumba na 2021 an yanke layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da man fetur, duk da nufin murƙushe ɓarayin daji. Amma matan da naƙuda ta kama a makonnin nan su ma sun biya nasu kason. A watan Disamba na 2023 kuma faɗa ya matso kusa da babban asibitin Zurmi, har ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ta daɗe tana tallafa wa asibitocin Zurmi da Shinkafi, ta janye wasu ma'aikatanta na ɗan lokaci.

Ma'anar wannan ita ce, a waɗannan wurare shawarar da ba a yanke da la'asar ba sai ta jira wayewar gari. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Saboda haka iyalin da ya gane alamar haɗari tun rana na sama, shi ne ya tsirar da ransa.

AN TAƁA GWADAWA

Kada wani ya ce wannan tunanin 'yan boko ne da ba zai yiwu a ƙauye ba, domin kuwa an gwada shi a cikinmu. Tun daga 2006 shirin ACCESS, wanda Amurka ta ba da kuɗinsa, ya horar da mata masu shiga gida-gida a jihohin Kano da Zamfara suna karantar da masu ciki da iyalansu alamomin haɗari, ya kuma kafa ƙungiyoyin adashi na mata domin a samu abin fita da shi ran bukata. Dabarar adashin nan daga maƙwabtanmu ta fito, daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a ƙasar Maraɗi a 1991. Daga 2008 kuma shirin PRRINN-MNCH, da kuɗin Ingila da Norway, ya yi aiki a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe. A ƙauyukan da ya shiga an koya wa maza da mata alamomin haɗari, an kafa asusun gaggawa, an rubuta sunayen masu ba da jini, an yi yarjejeniya da direbobin tasha su ɗauki mai naƙuda kowane lokaci. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne batun izini: miji ya faɗa tun da wuri, kowa a gidan ya ji, cewa in matsala ta taso a kai matarsa asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Wanda ya san yadda magidanta ke tafiya cin rani su bar mata da tsohon ciki, ya san rai nawa wannan kalma guda za ta ceta.

A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, a 2008, an buɗe abin da suka kira makarantar mazaje, inda magidantan da ake ganin girmansu ke haɗuwa da ma'aikatan lafiya su tattauna al'amarin haihuwa, sa'an nan su koma su jawo hankalin 'yan'uwansu. A wasu ƙauyukan kewayen Zariya kuma, a 2009, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello sun koya wa mata auna jinin haihuwa da moɗa, wadda ke cin kimanin rabin lita: in jinin ya cika moɗa, to a tashi. Dubi yadda aka ɗauki kayan gida aka mai da shi ma'aunin likita.

Aibin duk waɗannan shirye-shirye guda ne, watau da kuɗin baƙi aka yi su, kuma kowanne yana da ranar ƙarewa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ya kamata a ce tun tuni wannan karantarwa ta zama aikin yau da kullum na Ma'aikatar Lafiya da Ƙananan Hukumomi, tana da gurbinta a kasafin kuɗi kamar yadda albashi yake da nasa.

ABIN DA ZA A KOYAR

Karatun ba shi da yawa, ana iya sauke shi a zama uku ko huɗu. Na farko, alamomin da in an ga ɗaya ba a jira: zubar jini ko yaya yake a lokacin ciki, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba, ɗa ya daina motsi, naƙuda ta wuce sa'a 12, watau ta ɗauki wuni guda ko dare guda, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Jijjigar nan da akan ce iska ce, a yi ta turare da hayaƙi, hawan jini ne na masu ciki, kuma akwai allurarsa a asibiti. Babu mai hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

Na biyu, shiri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki na wata bakwai iyali su san wace mota ce, wane direba, kuɗin mai yana hannun wa, su wane ne 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini. Matar da aka gaya mata a wurin awo cewa cikinta mai haɗari ne, kamar yarinya mai cikin fari, ko mai tagwaye, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, ko wadda ta haihu da yawa, a kai ta gidan 'yan'uwa a cikin garin Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi tun watanta bai kama ba. Al'adarmu ta goyon ciki ta riga ta share wannan hanya, sai dai a zaɓi gidan da ya fi kusa da asibiti.

Na uku, kunya. Muna yabon macen da ta haihu ba a ji ko tarinta ba, muna koya wa mai cikin fari ta ɓoye ciwonta. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan gyara ba zai fito daga bakin yarinyar ba, sai daga bakin uwar miji, domin ita ake jin nauyi, kuma ita ce mai cewa "mu ma haka muka haihu." Duk karantarwar da ta tsallake tsohuwar gida, zuba ruwa ne a rariya.

A CIKIN ASIBITI

Abokin aiki ba ya zama abokin aiki a gida kaɗai, ya koma bare da zarar ya taka asibiti. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda da mace ko mutumin da ta zaɓa ya zauna kusa da ita. A ɗakunanmu da gadaje ke jere ba zai dace namiji ya shiga ba, amma me zai hana uwa ko ya? A ba ta aiki sananne: ta duba ƙunzugu bayan haihuwa, ta taɓa mara ta ji ko mahaifa ta yi tauri, ta lura da numfashin jariri da ɗuminsa, in ta ga sauyi ta kira.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan amfanin gani da wuri. A 2023 an buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Da aka rinƙa auna jinin haihuwa da wata leda mai ma'auni, aka kuma ba da magungunan gaba ɗaya nan take, mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Magungunan ba sababbi ba ne, abin da ya sauya shi ne saurin ganewa. Ma'aikaciya guda ba ta da ido goma, amma ga idanu nan a baranda muna korarsu.

Sharaɗin wannan shi ne ma'aikata su koyi sauraro. Idan tsohuwa ta ce, "Malama, jinin nan ya yi yawa," amsar ita ce a zo a duba, ba a daka mata tsawa ba. Macen da aka ci wa mutunci a haihuwar fari ba za ta dawo a ta biyu ba, kuma za ta hana ƙannenta zuwa.

Na san wasu za su ce wannan wayo ne na Gwamnati ta sauke nauyinta a kan talaka. Tsoron nan yana da tushe, amma al'amarin akasin haka yake. Ba a ce uwar miji ta zama unguwarzomar asibiti ba, ba a kuma ce ta ba da allura ba. Kuma ranar da ka koya wa mutum ya kawo matarsa da wuri, ka ɗauki bashi: wajibi ne ya tarar da ƙofa a buɗe, da ma'aikaciya, da wuta, da jini. A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan harkar lafiya a jihar, a watan Nuwamba na wannan shekarar kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar yin aikin fiɗa kyauta ga matan da ba su da hali. Iyalin da aka karantar shi ne zai iya tambayar ina aka kwana a kan waɗannan alkawura.

Saboda haka ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta sa ranar awo guda a kowane wata ta zama ta miji da uwar miji. Masarautun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su umurci dagatai da masu unguwa su riƙe sunan direba da masu ba da jini a kowane gari da kowane sansanin 'yan gudun hijira. Limamai su ambaci batun izini a huɗuba. Ku kuma ma'aikatan Gwamnati da ɗalibai, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ku ne ake bugo wa waya daga gida idan abu ya ɓaci. Kada ku jira wannan waya. In kun je hutu, ku zauna da yayyenku da iyayenku mata ku karanta musu alamomin nan guda goma, ku tambaya wace mota aka tanada.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, amin.