A Ba Masanan Halayyar Ɗan Adam Izinin Rubuta Magani, Amma da Sharaɗi

Masu duba lafiyar hankali iri biyu ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda sai da ya gama karatun likita sannan ya ƙware a wannan fanni. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke jinyar mutum ta hanyar sauraro da zantawa. Na farko yana rubuta magani, na biyu kuwa a yawancin ƙasashe doka ta hana shi.

A Amurka an daɗe ana ja-in-ja a kan wannan hani. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta gwada abin daga 1991 zuwa 1997, ta horar da masana goma suka riƙa rubuta magani. A 2002 Jihar New Mexico ta halatta musu, Louisiana ta bi sahu a 2004. To amma ba da ka aka yi ba. A New Mexico sai masani ya ƙara karatun awa 450 a kan jiki da magunguna, ya kuma yi shekara biyu a ƙarƙashin kulawa kafin a sakar masa mara.

Likitoci sun yi adawa, kuma hujjarsu ba abar yarwa ba ce. Zazzaɓin taifot kan sa mutum sambatu kamar mahaukaci, ciwon maƙoƙo kan zo da kamannin damuwa. Maganin lithium kuwa in ba a auna jini a kai a kai ba, yana iya taɓa ƙoda. Wanda bai san jiki ba zai yi ta maganin kai alhali cutar na wani wuri. Sai dai wannan hujja ce ta a tsananta horo, ba ta a toshe ƙofa ba.

A Nijeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabon Ibadan, in ɗan'uwansa ya daina barci ya fara surutai, ko da asibitin Yaba ko na Aro a Abeokuta ba su yi masa nisa ba, sau da yawa sai ya nufi kemis. Can yaron shago, wanda bai karanta ko ɗaya daga cikin fannonin biyu ba, zai ƙirga masa ƙwaya a leda. Ashe ana ta gardamar wa za a ba alƙalami, mara alƙalami na can yana raba magani.

Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958. Ya kamata hukuma ta ɗora a kai: masanin da ya yi ƙarin karatun magani, ya ci jarrabawa, a ba shi izinin rubuta wasu magunguna ƙididdigaggu, yana aiki da likitan da zai fara duba jinin majiyyaci da zazzaɓinsa.