RA'AYINMU: Ƙofar da Aka Rufe a Kabul

Ranar 20 ga watan Disamba, shekara ta 2022, Ministan Ilmi Mai Zurfi na ƙasar Afganistan, Nida Muhammad Nadim, ya aika wa dukkan jami'o'in ƙasar, na gwamnati da masu zaman kansu, wata 'yar gajeriyar takarda. Abin da ta ƙunsa shi ne a dakatar da karatun mata nan take, sai abin da hali ya yi. Da gari ya waye 'yan mata suka iso bakin ƙofa da littattafansu, suka tarar da masu bindiga suna tsaye. Har yau ba a buɗe musu wannan ƙofa ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne ɗalibai maza na sashen likitanci a Jami'ar Nangarhar, da ke birnin Jalalabad, suka ajiye alƙalumansu suka fice daga ɗakin jarrabawa, suka ce ba za su rubuta ba sai tare da 'yan'uwansu mata. Wani malamin jami'a kuma, Isma'il Mashal, ya yayyaga takardun shaidar karatunsa a gaban talabijin. A watan Fabrairu na 2023 aka kama shi. Waɗannan mutane sun san irin hukumar da suke yi wa gardama. Mu kuwa, da ba wanda zai taɓa mu in mun yi magana, mun ja bakinmu mun tsuke.

Mun san dalilin wannan shiru, ba sai mun yi ɓoye-ɓoye ba. Sa'ad da 'yan Taliban suka shiga Kabul ranar 15 ga Agusta, 2021, da yawa daga cikinmu murna suka yi. Ga ƙasa wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka mamaye daga 1979 zuwa 1989, sa'an nan Amurka da ƙawayenta suka zauna mata bisa wuya shekara ashirin, yau ga baƙo ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya fita. Duk mai ƙin mulkin mallaka tilas ya ji sanyi a ransa. Amma fa korar baƙon azzalumi ba ta halatta wa ɗan gida ya yi zalunci ba, kuma wanda ya yi tir da na farko ya kau da kai daga na biyu, to, ba zalunci yake ƙi ba, baƙo kaɗai yake ƙi.

Abin bai zo rana ɗaya ba. A watan Satumba na 2021 aka buɗe makarantun sakandare ga yara maza kaɗai. Ranar 23 ga Maris, 2022, 'yan mata suka koma aji bisa alkawarin da aka yi musu, kafin rana ta take aka ce kowace ta koma gida. Ke nan yarinya ta gama aji shida karatu ya ƙare. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa 'yan mata miliyan 1.4 ne aka hana karatun sakandare. Daga nan aka hana mata aiki da ƙungiyoyin agaji, aka hana su shiga lambunan shaƙatawa, a watan Agusta na 2024 kuma aka yi doka wadda ta hana a ji muryar mace tana waƙa ko karatu a bainar jama'a.

Amma hukuncin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na watan Disamba, 2024, wanda ya rufe wa mata makarantun koyon aikin jinya da na ungozoma, watau 'yar kafar da ta rage musu. Jama'a, a dubi wannan al'amari da idon basira. A wurare da yawa na ƙasar, al'ada da doka ba su yarda namiji ya duba mace ba. To, an ce mace kaɗai za ta duba mace, an kuma ce mace ba za ta koyi aikin ba. Shin wa zai karɓi haihuwa nan da shekara goma, sa'ad da ungozomomin yau suka tsufa ko suka yi hijira? Ƙasar nan kuwa dama tana cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa a nahiyar Asiya. An ga alamar abin da ke tafe ranar 31 ga Agusta, 2025, da girgizar ƙasa ta afka wa lardin Kunar ta kashe mutum fiye da dubu biyu: ga mata da raunuka, ga ƙarancin mata masu jinya, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta roƙi hukumomin Kabul su sassauta wa ma'aikata mata su isa wurin.

Kada a ɗauka laifin ya tsaya a kan mutanen Kabul da Kandahar. Kafin 2021 kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin da gwamnatin ƙasar take kashewa daga taimakon waje yake zuwa. Dare ɗaya aka yanke shi. Amurka ta riƙe wajen dala biliyan 7 na babban bankin Afganistan da ke ajiye a New York, daga baya ta mai da rabi zuwa wani asusu a Suwizalan. A 2025 ta janye agajinta, ɗaruruwan ɗakunan shan magani suka rufe. A shekarar kuma Iran da Pakistan suka tiso ƙeyar 'yan Afganistan fiye da miliyan biyu zuwa ƙasar da ba ta iya ci da waɗanda ke cikinta ba. An ce Taliban ake horo, amma ba mu ji an ce wani minista ya kwana da yunwa ba. Gwauruwar da aka hana ta aiki, ita ce dai aka yanke wa buhun alkama.

Saura batun addini, gama da sunansa ake yin wannan abu. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya ce hana mata karatu ya saɓa wa Shari'a. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta nemi a janye hukuncin, haka ma Saudiyya da Ƙatar da Turkiyya. Ko a cikin gidan ba a rasa mai faɗin gaskiya ba, domin a watan Janairu na 2025 Mataimakin Ministan Harkokin Waje na Taliban a lokacin, Sher Muhammad Abbas Stanikzai, ya faɗa a fili cewa ba su da hujja. Mu ma nan ba mu bukatar mai koya mana: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. Wanda ya tashi a kan wannan gado bai kamata a ruɗe shi da rawani da gemu ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Wakilan Ɗalibai ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba, ta fitar da matsayi a rubuce, ta aika wa Ma'aikatar Harkokin Waje, tun da Nijeriya mamba ce a Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuma tana da bakin magana a can. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi su shiga gaba, domin muryarsu ce ba za a ce ta Turawa ce ba. Shafukanmu na fitowa ta gaba a buɗe suke ga duk wanda ke ganin Taliban suna da hujja. Ya rubuto da sunansa da sashensa, za mu buga.